Da Ɗan Gari Kan Ci Gari: Yadda Abokin Aiki Ke Koya Wa 'Yan'uwansa Ƙirƙirarriyar Basira

[Hoto: teburin karɓar baƙi a wani otal a unguwar Misfala, Makka, bayan sallar isha'i]

Assalamu alaikum. Ku dubi wannan tebur. Mu ƙaddara wata uku ke nan da kamfani ya sa wa kwamfutocin nan manhajar ƙirƙirarriyar basira, irin wadda za ka rubuta mata tambaya ta amsa, ta fassara wasiƙa, ta tsara jadawalin motoci. An ɗauko malami daga Riyad ya yi daura, wato kwas ɗin horo, ta kwana biyu, an raba takardar shaida, an ɗauki hoto. Yau in ka zagaya, mutum biyu kacal ke buɗe ta. Sauran sun koma wa littafi da biro.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022 ake ta irin wannan. A nan Saudiyya kuwa gwamnati ce ma ke gaba: ta kafa hukumar SDAIA a 2019 don kula da bayanai da wannan fasaha, a 2025 kuma aka buɗe Humain, kamfanin ƙirƙirarriyar basira. Kayan aiki kam sun iso. Hannun da zai ɗauka ne ke noƙewa.

Kuma ba lalaci ba ne. Dattijon da ya shekara ashirin yana tarbar alhazai ba zai ɗaga hannu a gaban mudir, wato manaja, da yaran da ya haifa ya ce bai gane ba. Wanda igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ke rataye da aikin nan, in aka ce masa "wannan abu zai rage aiki", abin da kunnensa ke ji shi ne "zai rage ma'aikata". Kunya da tsoro ne, kuma daura ba ta maganin ko ɗaya.

[Hoto: gonar masara]

A wani bincike da aka buga a 1943, wasu masana biyu, Ryan da Gross, sun bi manoman jihar Iowa a Amurka suna tambayar yadda suka karɓi sabon irin masara. Yawancinsu daga bakin dillalai suka fara jin labari, amma ba su shuka ba sai da suka ga gonar maƙwabci ta yi kyau. A kan irin wannan bincike masani Everett Rogers ya gina bayaninsa kan yadda sabon abu ke yaɗuwa a 1962, inda ya ƙiyasta cewa masu rugawa su gwada sabon abu ba su wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba. Jama'a suna jiran wani nasu ya fara taka ruwan.

To wannan "nasu" shi ne jagoran cikin gida: ma'aikaci kamar kowa, a sashe ɗaya, a dawam ɗaya, wato lokacin aiki ɗaya, wanda ya riga ya saba da manhajar, aka ba shi dama ya riƙe hannun sauran. Mu mutanen Makka ai mun san wannan aiki tun kaka da kakanni. Alhaji yana da littafin aikin hajji a jakarsa, amma muɗawwifi, mai yi wa alhazai jagora, yake bi.

Wa za a zaɓa? A nan kamfanoni suka fi yin tuntuɓe. Sai a ɗauki yaron da ya fi kowa iya kwamfuta, ko wanda mudir ke so. A'a. Ku zauna ku lura kwana uku: in na'urar buga takarda ta cije, wa ake kira? In saƙo ya zo da Larabcin ofis mai wuya, wayar wa ake miƙa wa? Wannan shi ne mutuminku, ko da bai fi kowa ilimi ba. Kuma a sashen mata a nemi mace, don akwai tambayar da Hajiya ba za ta tsallaka ta yi wa namiji ba.

[Hoto: mutum biyu a gaban kwamfuta ɗaya]

Ga yadda abin yake a kusa. Saƙo ya zo daga kamfanin motoci da Larabci, an sauya lokacin tafiya Madina, ga alhazai arba'in daga Sakkwato da za a sanar. Jagoran ya jawo kujera ya ce, "Baba, kai za ka danna, ni kallo zan yi." Baba ya manna saƙon, ya rubuta da yatsa ɗaya: a mayar da shi Hausa mai sauƙi. Fassara ta fito. Baba ya gyara tabarau, ya karanta, ya ce, "Yaro, nan ta ce gobe, alhali Larabcin jibi ya ce." Jagoran ya ce, "Ka gani, Baba? Shi ya sa ba za ta yi aikin nan ba sai da kai."

Wannan minti biyar ya fi daurar kwana biyu. Baba ya gano cewa manhajar tana da sauri, tana kuma kuskure ba tare da ta ji kunya ba, musamman a Hausa, wadda rubutunta a intanet bai kai ko kusa da na Larabci ba. Jagoran da ke ɓoye irin wannan kuskure don abin ya yi farin jini, cutar mutane yake yi. Kwana ɗaya aka sauya a fassara, mutum arba'in sun kwana a bakin titi da jakunkunansu.

Jagoran ne kuma zai riƙa tunatarwa, a hankali, cewa ba a zuba lambar fasfo, ko hoton biza, ko bayanin rashin lafiyar alhaji a manhajar da kamfani bai amince da ita ba. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki tun Satumban 2023, kuma ko ba doka, amana ce.

Yanzu maganata da masu kamfani. Kada ku ɗora wa jagora wannan nauyi a kan aikinsa na kullum ku ce ya yi don Allah. Ku rage masa awa biyu ko uku a mako, ku saka masa a albashi. Abin da ya fi wannan muhimmanci: kada ku taɓa tambayarsa sunan wanda ya kasa. Ranar da ma'aikata suka ji cewa yana kai rahoto, ranar ya zama ɗan leƙen asiri, ba mai ƙara jawo masa kujera. Ku tambaye shi dai ina manhajar ke ba mutane wahala, ku gyara.

Kuma a fara da wuri. A hajjin 2024 sama da mutum miliyan 1.8 suka tsaya Arfa. A irin wannan cinkoso ba mai lokacin koyon sabon abu. Muharram da Safar, lokacin da otal ya ɗan lafa, su ne watannin jawo kujera.