Wayar da Ke Leƙenmu da Allahn da Ke Ganinmu

Ladi: Salama a gare ku masu sauraro. Ni ce Ladi, ga Ishaya, ga kuma Baba Fasto. Baba, sannu da zuwa.

Baba Fasto: Yawwa 'yata, sannunku da aiki.

Ladi: Da saƙon wata 'yar'uwa za mu fara, ta ce a sakaya sunanta. An sallame ta daga aiki, ga yaro ba lafiya, sai ta ci bashi a wata manhajar rance ta waya. Ranar biya ta wuce, kawai sai ga saƙo a wayoyin duk mutanen da take da lambarsu, har da shugabar mata ta cocinsu, ana ce mata ɓarauniya. Ta ce tun ranar, in za ta yi addu'a sai ta kai wayar wani ɗaki. Zabura 139 da ta fi so a da, yanzu ko buɗe ta ba ta iya yi.

Ishaya: Kai, abin da ciwo. Amma Yaya Ladi, ba tsafi ba ne. Ranar da ta sauke manhajar, an nemi izinin shiga lambobinta da hotunanta, ta danna amincewa cikin sauri, don mai neman kuɗin magani ba ya tsayawa karatu. Abin ya yi yawa a ƙasashe da dama, har a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane.

Ladi: Wato tsoronta yana da tushe.

Ishaya: Sosai. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke tattara bayanan kiran wayar jama'a. A 2018 aka ji wani kamfani mai suna Cambridge Analytica ya kwashi bayanan masu Facebook da za su kai miliyan 87. Ga Pegasus, manhajar da kan iya shiga waya ba tare da mai ita ya danna komai ba.

Ladi: Ishaya, ta'aziyya muka zo yi, kai kuma kana ƙara wa wuta fetur! Baba, wasu ma cewa suke wannan ce alamar dabbar nan ta Wahayi sura 13.

Baba Fasto: Tun ina saurayi nake jin haka, duk sabon abu sai a ce shi ne 666. Abin da surar ke magana a kai shi ne wa kake yi wa sujada. Mu bar wannan, mu koma kan 'yar'uwarmu. Na gane abin da ya sa zaburar ta yi mata nauyi. Dawuda ya ce Ubangiji ya san zamansa da tashinsa, ya san maganar da ba ta fito bakinsa ba tukuna. Wanda aka tona wa asiri, in ya ji haka sai gabansa ya faɗi. To amma ku tuna Hajaratu a Farawa 16. Baiwa ce, ga ciki, uwargijiyarta ta wulaƙanta ta har ta gudu jeji. A bakin rijiya mala'ikan Ubangiji ya same ta, ya kira ta da sunanta. Ita kuma ta kira shi Allah mai ganina. Ganin nan bai tsirara ta ba, ɗana. Masu rancen nan sun nemi sanin 'yar'uwarmu ne don su sami abin matsa mata. Allah kuwa ya san bashin, ya san daren da ta kwana tana kuka kan yaron, bai aika wa kowa saƙo ba.

Ishaya: Baba, a gafarce ni, zan ɗan ja. Hajaratu fa an ce ta koma gidan da ta baro. Wahalar ba ta ƙare ba.

Baba Fasto: Ba ta ƙare ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Daniyel ya san ana fakon sa, ya ci gaba da durƙusawa sau uku a rana, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima. Sai da ya kwana a ramin zakoki. Shi ya fito, Istifanas kuwa jifa aka yi masa har ya mutu. Ba a yi mana alkawarin ba za a gan mu ba.

Ladi: Wannan ya tuna mini da Jamus ta Gabas. 'Yan sandan ciki na Stasi suna da 'yan rahoto har cikin majami'u, amma a birnin Leipzig ba a fasa addu'ar zaman lafiya ta kowace Litinin ba. Ran 9 ga Oktoba 1989 mutum kusan dubu 70 suka fito da kyandirori, bayan wata ɗaya katangar Berlin ta faɗi.

Ishaya: To kenan mu bar wayoyinmu a sake, tunda Allah na nan?

Baba Fasto: Wa ya ce? Nehemiya da aka yi masa barazana, addu'a ya yi, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Bulus cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Kai ne masanin waya, faɗa mana namu gadin.

Ishaya: Kowa ya shiga saitin wayarsa yau, ya duba wace manhaja ce ke da izinin lambobi, kyamara da makirufo, ya cire wanda ba dole ba. A sa tabbaci mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tabbatarwa bayan kalmar sirri. Sannan roƙona ga masu zaurukan addu'a na waya: in wani ya gaya maka ciwonsa ko bashinsa, kada ka tura shi zauren mutum ɗari biyu da sunan a taya shi addu'a.

Ladi: Wannan ya same ni, na taɓa yi.

Baba Fasto: Duk mun yi. Ni tambayata ga waɗanda saƙon nan ya shigo wayarsu ce. Mutum nawa suka karanta, mutum nawa suka je gidanta? Ladi, in ta yarda ki ba ni lambarta bayan shiri. Ki tambaye ta kuma jikin yaron.

Ladi: Zan kira ta yanzu, Baba.