Idan Netwok Ya Yanke, Ina Aikinka Yake? Lacca Kan Tagogin Linux Da Shiga Kwamfuta Daga Nesa

(An rubuto wannan daga faifan laccar da aka gabatar wa ɗalibai da masu gyaran kwamfuta a wani ɗakin taro da ke hanyar Bauchi, a Jos. An bar maganar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To madalla. An ba ni minti 40, kuma shugaban taro ya riga ya nuna mini agogo tun ban buɗe baki ba. Abubuwa huɗu zan taɓa: mene ne mai sarrafa tagogi, wanne ya dace da irin kwamfutocin da muke da su, sai manhajojin shiga kwamfuta daga nesa, na huɗu kuma tsaro.

Na ɗaya. A Windows, abin da ke zana wa taga gefe, ya sa mata maɓallin rufewa, ya ba ka damar jan ta da maus, duk a dunƙule yake da tsarin, ba ruwanka da shi. A Linux kuwa manhaja ce mai zaman kanta, ita ce mai sarrafa tagogi, kana iya cire ta ka sa wata. Asalin wannan daga X ne, tsarin da aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, wanda ya zama X11 a 1987. Su masu X cewa suka yi namu samar da hanya, yadda allo zai kasance kuma kowa ya yanke wa kansa. Shi ya sa suka yi yawa haka. Cikakkun fuskokin Linux kowacce da nata mai sarrafa tagogin: GNOME tana da Mutter, KDE tana da KWin, Xfce tana da Xfwm. Sai kuma marasa nauyi masu tsayawa su kaɗai, irin su Openbox da IceWM da Fluxbox. Sai masu jera tagogi gefe da gefe, babu wadda ke hawa kan wata, wato i3 da dwm da Sway.

Ni i3 nake amfani da ita, ba zan ɓoye muku ba. Michael Stapelberg ne ya fito da ita a 2009, saitinta fayil ɗaya ne na rubutu zalla, kusan komai da kibod ake yi. Ita kuwa dwm, in kana son canza ko da launin gefen taga ne, sai ka buɗe fayil ɗin saitinta mai suna config.h ka gyara, ka sake harhaɗa manhajar gaba ɗaya. Masu yin haka suna nan, ga ɗaya can yana murmushi. (Dariya.) Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma don Allah kada ka sa wa sakatariyar makaranta i3 ka tafi, gobe da asuba za a buga maka waya.

Batun tsohuwar kwamfuta ba zan daɗe a kai ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura, wanda laftof da yawa na gwanjo da ake sayarwa a wajejen kasuwar Terminus ba su da shi. Mai ram 4GB, ka sa masa Xfce ko LXQt, ka huta. Wanda bai kai haka ba, Openbox ko IceWM. Kuma ku sani burauza ce ke cinye ram, mai sarrafa tagogi ɗan abin da yake ci kaɗan ne. Shi kenan wannan.

Yanzu ga inda nake so mu zauna. Ku gyara zama.

Duk manhajar shiga daga nesa, tambaya biyu nake yi mata. Me take turawa ta cikin waya? Sannan idan netwok ya yanke, me ke faruwa da aikin da ke buɗe? Waɗanda suka rubuta yawancin bayanan da kuke karantawa a intanet, tambaya ta biyun ba ta dame su ba, don su ba a ɗauke musu wuta a tsakiyar aiki. Mu kuwa ita ce ta farko.

Mu fara da X ɗin kansa. Tun asali an gina shi ne yadda manhaja za ta yi aiki a wata na'ura, tagarta ta fito a wata. Har yau in ka rubuta ssh -X, wato umarnin shiga wata kwamfuta ta hanya mai tsaro, ka shiga saba, kwamfutar da ke can nesa kenan, ka kira manhaja, tagar za ta buɗe a gabanka kamar taka ce. Abin sha'awa, wallahi. A cikin ofis ɗaya, a kan kebul, lafiya lau. Amma ka gwada da sabar da ke Jamus ka gani. Matsalar ba yawan data ba ce. Matsalar ita ce surutu. Manhajar za ta yi tambaya, ta tsaya jiran amsa, amsa ta zo, ta sake wata tambayar, ta sake tsayawa. Kamar a aiki yaro daga Angwan Rogo zuwa kasuwar Farin Gada ya sayo tumatir, ya dawo a ce af, da albasa, ya koma, ya dawo a ce da attarugu. Ko tirela ka ba shi ba za ta rage masa zirga-zirga ba.

Bari mu yi lissafi, wa ke da biro? Daga nan zuwa Turai da dawowa, saƙo yakan haura milisakan 100. Mu ɗauka 150 ne. Idan manhaja na bukatar zuwa da dawowa sau 200 kafin ta nuna fuskarta, nawa kenan? Sakan 30. Sakan 30 kana kallon allo babu komai, alhali datarka ta 4G ce, sanduna a cike. Sai ka ce kamfanin waya ne ya cuce ka, ka je ka sayi wani layin. Ba layi ba ne, nisa ne. Haske a cikin kebul ɗin gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, babu kuɗin da za ka biya ya ƙara gudu. Kun gane? Faɗin hanya daban, tsawon hanya daban. Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran.

Sannan mafi muni, da ssh -X, da zarar layi ya katse, manhajar ta mutu. Ba suma ba, mutuwa. Duk abin da ba ka adana ba ya tafi.

To sai VNC. Wannan a Kambirij ta Ingila aka yi shi, a wani ɗakin bincike na Olivetti da Oracle, aka sake shi kyauta a 1998. Dabararsa mai sauƙi ce: hoton allo kawai yake turowa, kai kuma ka tura masa motsin maus da abin da ka danna. Bai san mene ne taga ba, bai san harafi ba, ɗigo-ɗigon launi kawai ya sani. Wannan ya sa yake aiki a kan kowane tsari. Amma ku duba nauyin. Allo mai 1920 da 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, kowane ɗigo bayit 3, wato hoto ɗaya kusan megabayit 6 in ba a matse shi ba. Ba wanda zai iya tura wannan sau 30 a sakan a kan datar wata. Don haka abin da ya canza kaɗai ake turawa, a matse.

Ga inda maganar tagogi ta haɗu da ta nesa, kuma dalilin da ya sa na yarda a haɗa mini su a lacca ɗaya. Tunda abin da ya canza ake turawa, duk wani ado na allo kuɗi ne. Taga ta buɗe tana lilo, inuwa a gefenta, bango mai hoton duwatsun Shere da gizagizai, duk wannan data ce ke zuba. Ka sa bango launi ɗaya, ka kashe inuwa da lilo, ka rage allo zuwa 1366 da 768, wanda ɗigonsa kusan rabi ne, ka sauke launi zuwa bit 16. Kwamfuta ɗaya, layi ɗaya, amma sai ka rantse an canza maka netwok. Openbox ko i3 a kan VNC, ba abin da ke motsi sai abin da ka taɓa. Shi ya sa nake cewa a laftof ɗinka ka sa duk kwalliyar da ranka ke so, amma a saba, Xfce ce iyaka.

Wani abu da ke rikita mutane: VNC iri biyu ne a aikace. x11vnc yana nuna maka allon da ke gaban mutum, kai da shi kuna ganin abu ɗaya, maus na motsi a gabansa kamar aljani ya kama shi. Wannan na taimaka wa mutum ne. Shi kuwa sabar TigerVNC sabon allo yake ƙirƙira a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, wanda babu shi a kan kowane gilashi. Wannan allon yana nan zaune a saba ko kana nan ko ba ka nan. An ɗauke wuta a shagonka, an kashe minti 10 ana jan janareto, ka dawo ka shiga, rubutunka na nan daidai inda ka tsaya, har da rabin kalmar. Wannan shi ne abin da nake nufi. Aikin ya zauna a inda wuta take, kai kuma ka riƙa leƙowa.

Na biyu... a'a, na ce na biyu? Muna cikin na uku ko? To, duk ɗaya ne. RDP. Na Microsoft ne, ya fito da Windows NT 4.0 Terminal Server a 1998, amma muna da namu buɗaɗɗu: xrdp a ɓangaren saba, FreeRDP da Remmina a ɓangaren mai shiga. Daɗinsa shi ne kowace Windows ta zo da manhajar shiga a cikinta, ba sai ka roƙi kowa ya sauke komai ba. Yana ɗaukar sauti, kwafa da liƙawa na aiki, kana iya haɗa folda. Kuma in layi ya yanke ka dawo, yakan mayar da kai zamanka na da. Tarko ɗaya: in mutum yana ciki a gaban kwamfutar, ka shiga da sunansa ɗaya ta xrdp, sau da yawa baƙin allo za ka gani ko ya wurgo ka waje. Ka fitar da shi tukuna, ko ka buɗe wani suna na daban.

X2Go kuma, wanda nake ganin an raina shi. Ya ɗauki X ɗin nan mai surutu, ya sa masa wakili a kowane gefe ta fasahar NX, mafi yawan tambayoyin ana amsa su a gida ba sai sun ƙetare teku ba. Ta cikin SSH yake bi, kuma yana dakatar da zama ka dawo ka ci gaba. A kan layi mai rauni yana ba ni mamaki har yau. Sai dai ba ya shiri da GNOME ta zamani, Xfce ko MATE yake so.

Wayland, a taƙaice, don na ga an ɗago mini yatsu biyar. Shi ne magajin X, an fara shi a 2008. Ba ya barin kowace manhaja ta leƙi allon wata, wanda abu ne mai kyau, amma hakan ya sa x11vnc ba ya aiki a kansa. GNOME ta sa RDP nata a ciki, masu Sway kuma wayvnc. Akwai Guacamole na Apache, ta burauza kawai ake shiga. Kuma in aikinka rubutu ne zalla, ka bar duk waɗannan, tmux mai riƙe maka aikinka a saba da mosh mai jure yankewar layi sun ishe ka. Saura... na'am? A miƙa mata abin magana.

(Wata daga cikin mahalarta: Malam, ni na sa xrdp a kwamfutar shagonmu da ke Bukuru, a kan MiFi take. A cikin shago yana yi, amma daga gida ko kaɗan ba na samun ta. Wani ya ce in buɗe 3389 a rauta, na buɗe, shiru.)

Yauwa, Malama, Allah ya yi miki albarka, kin kawo ni kan na huɗun da na kusa tsallakewa. Da farko ki gode wa Allah da bai yi ba. Ƙofar 3389 ta RDP da ta 5900 ta VNC, wato lambobin da ake shigowa kwamfuta ta kansu, dare da rana akwai na'urori da ke zagaye intanet suna ƙwanƙwasa su. A 2019 an gano wata ɓaraka a RDP na tsofaffin Windows da ake kira BlueKeep, wadda ba ta ma bukatar kalmar sirri. Shi kuwa VNC na asali, haruffa 8 na farko kawai yake dubawa a kalmar sirri, ko kin rubuta 20. Ki koma ki rufe ƙofar nan yau.

Dalilin da ya sa bai yi ba kuwa, layukan waya galibi ba sa ba ki adireshin intanet naki na kanki. Ke da ɗimbin mutane kuna bayan adireshi ɗaya ne a wajen kamfani, ana kiran abin CGNAT. Kin buɗe ƙofa a MiFi ɗinki, amma akwai wata a gaba wadda mabuɗinta ba ya hannunki. Ba a shigowa daga waje, fita kawai ake yi. Don haka sai duka biyun su fita su haɗu a wani wuri.

Hanya uku. Ki kama hayar ƙaramar saba mai adireshi tsayayye, ki sa WireGuard, mai haɗa kwamfutoci ta ɓoyayyiyar hanya, wanda ya shiga cikin Linux kansa tun 2020, kwamfutar shago da ta gida kowacce ta haɗu da sabar, sai ki yi xrdp ɗinki ta ciki kamar kina shago. Ko ssh -R, kwamfutar shago ta buɗe rami zuwa sabar, ki biyo ta ciki, ki haɗa da autossh don ya riƙa tayar da shi in ya faɗi. Ko RustDesk, mai kama da AnyDesk da kuka saba, amma buɗaɗɗe ne, kuma kina iya kafa sabarsa da kanki, guda biyu ne, hbbs da hbbr. Shi ya fi sauƙi. Sai dai ku ja wa iyayenmu kunne, duk wanda ya bugo ya ce daga banki yake, a sauke manhaja a karanto masa lamba, a kashe wayar.

Kuma Malama, ki shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin tsari ya tashi, na kwamfutar shagon ki sa ta riƙa tashi da kanta idan wuta ta dawo, in ba haka ba duk WireGuard ɗin duniya ba zai danna miki maɓalli ba, sai kin hau keke Napep zuwa Bukuru. (Dariya.) Shugaba ya miƙe tsaye. Wanda ya zo da filashi ya same ni a bakin ƙofa in zuba masa Linux ɗin Debian mai Xfce, amma a duba kada akwai hotunan biki a ciki, goge shi zan yi.