Ranar Gida Ba Irin Ta Nan Ba Ce: Saita Kyamara Da Hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ga ni a bakin taga nan Ingila, ƙarfe uku da rabi ne kawai amma kun ga gari ya fara duhu, gajimare ya rufe sama ruf. Da gangan na nuna muku, domin da yawa daga cikin bidiyon koyon hoto da kuke kallo a waya a irin wannan hasken aka yi su. Kai da ke Ringim ko Gaya ko wani ƙauye a ƙasar Gumel, idan ka kwafi lambobinsu ka fita da su tsakar rana, hotonka zai ƙone fari fat. Hasken da ke tsakar gidanku da hantsi ya ninka wanda ke bayan tagar nan kamar sau takwas, wani lokacin ma fiye.

To ɗauko kyamararka, Canon ce ko Nikon duk ɗaya ne. Murɗa 'yar tayar da ke sama zuwa harafin M. Daga nan abu uku ne a hannunka.

Na farko ƙofar gilashin gaban kyamara, wadda masu sana'a ke kira afaca. Ita ce lambar da ke da f a gabanta: f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. A nan sababbi ke rikicewa, don lamba ƙarama ita ce ƙofa babba. Duk matakin da ka hau, ka rage rabin haske. Ƙofa a buɗe tana fito da mutum ta narkar da abin da ke bayansa, ƙofa a tsuke tana fito da kowa da komai. Na biyu shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga: 1/60, 1/125, 1/250, har 1/1000 na daƙiƙa. Na uku ISO, ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ya shigo. A 100 hoto garau yake, in ka kai 3200 a tsohuwar kyamara za ka ga ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

Ga ƙa'idar da nake so ku haddace, ta rana tsaka ce, kuma mu ta fi yi wa amfani. In rana ta fito sosai, inuwarka a ƙasa baƙa ƙirin: ISO 100, f/16, shata 1/125. Daga wannan tushen kake ciniki. Ka buɗe ƙofa mataki ɗaya, ka ninka saurin shata. Wato f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, duk haske ɗaya suke bayarwa. Ka je hawan sallah a Hadeja ko Kazaure, dawakai na sukuwa, f/5.6 da 1/1000 ne naka, zai daskarar da ƙafar doki da ƙurar da ta tashi. Ka tsaya a gonar shinkafa a Kura kana son kunyoyin gaba da bishiyoyin can nesa su fito tare, f/11 da 1/250.

Ci gaba da lissafin ka ga inda matsala take. A f/4 kana bukatar 1/2000, a f/2.8 kuma 1/4000, nan ne ƙananan kyamarori da yawa suka tsaya. Shi ya sa wanda ya sayi gilashin 50mm mai f/1.8, ya buɗe shi duka a filin idi, yake ganin fuskoki sun wanke. Kyamarar lafiyarta ƙalau, saurinta ne ya ƙare. Ko ka tsuke zuwa f/4, ko ka ja mutumin zuwa inuwa. Inuwar ma a zaɓa: ta katanga ko ta rumfa ta fi ta darbejiya, don ganye yana yayyafa ɗigon rana a fuska, ya kuma ɗan shafa mata kore.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ya fi ɓata hotunan bikinmu. Leƙa cikin kyamara, akwai ɗan ma'auni a ƙasa, daga -2 zuwa +2, sifili a tsakiya. Ana ce wa sabon shiga ya kai alamar sifili, shi ke nan. Ba haka ba ne. Ma'aunin nan yana ɗauka duk abin da ke gabansa ruwan toka ne. Ango ya sha farar shadda, babbar riga ta cika hoto, sai ma'auni ya ce haske ya yi yawa. Ka bi shi ka rage, riga ta koma toka-toka, fuskar ango ta nutse, ba ido ba hanci. Fatarmu tana son a ba ta haskenta. A irin wannan wurin ka bar alamar a +1. Sannan ka shiga saitin duba hoto ka kunna gargaɗin ƙonewa, wanda ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. In aikin wuyan riga ya fara ƙyaftawa, rage kashi ɗaya cikin uku na mataki, ka sake ɗauka. Wata dabara mai sauƙi: miƙa tafin hannunka cikin hasken da mutumin yake, cika gilashi da shi, saita har alama ta hau +1, sai ka bar lambobin a haka muddin hasken bai canja ba. Akasin haka kuma, baƙin bijimi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in ya cika hoto, alamar ta sauka wajen -1, in ba haka ba zai fito fari-fari.

Cikin zaure ko ɗakin amarya labari ya juye. Fara da shata, kada ta gaza 1/100 in gilashin 50mm ne a hannunka, don rawar hannu ce ke sa hoto dishi-dishi. Buɗe ƙofa zuwa f/2, sannan ka hau da ISO, 800 ko 1600, ba tsoro. Hoto mai ɗan yashi ya fi wanda ya girgiza. Gilashin 18-55mm da ke zuwa da kyamara ba ya buɗewa fiye da f/5.6 in ka jawo shi ƙarshe, don haka ka zaunar da Hajiya kusa da ƙofa, hasken waje ya bugi gefen fuskarta. In fitilar lantarki ce ke ci, ka ga ratsi-ratsi ko launi na canjawa, sa shata a 1/50 ko 1/100, domin wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa.

Fokos kuwa, wato wurin da kake so ya fito garau, zaɓi ɗigo guda cikin waɗanda kake gani in ka leƙa, ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. In jama'a ne sahu biyu ko uku, f/8, ka auna sahun gaba.

Sai ƙura, musamman da hunturu. Kada ka cire gilashi a fili cikin hazo. Shiga ɗaki, kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, ka sauya da sauri. In kana zargin ƙura ta shiga, ɗauki hoton sararin sama a f/16, baƙaƙen ɗigo za su bayyana. 'Yar robar hura iska ce maganinta. Ban da hurawa da baki, ban da bakin riga, yashi yana karce gilashi kuma karcen ba ya gyaruwa. Katin ajiya a cikin kyamarar za ka goge shi, bayan ka kwashe hotuna. Batir kuma ka nemi na biyu, tunda wani garin sai an kai shagon caji.

Ga aikin wannan makon. Bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar, nemi izinin ƙaninka ko wani dattijo a majalisa, tsayar da shi rana na gefensa. ISO 100, f/5.6, fara da 1/250. Ɗauki uku: ɗaya a haka, ɗaya a 1/125, ɗaya a 1/500. Rubuta lambobin a takarda, ka buɗe hotunan a babban allo ka dubi fuskar da kyau. Gobe ka maimaita a wurin da ƙarfe shida, za ka tarar sai ka hau da ISO zuwa 400 ko fiye, don ranarmu ba ta jinkirin faɗuwa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, za mu taɓa filasha da hoton dare. Allah ya ba da sa'a.