Ƙwallon mishmish yana gadon cutar uwarsa?

Ga ƙwallon mishmish a tafin hannuna, daga wata gona a kan dutsen Shafa, nan kusa da Ɗa'ifa. 'Yan'uwa masu aikin gona a wannan yanki sun sha tambayata: idan bishiya tana da cutar bairos, aka shuka ƙwallonta, ɗan da zai tsiro zai fito da cutar?

Amsar ta danganta da irin cutar. Akwai biyu da aka tabbatar suna bin iri a dangin mishmish, da kuk, da barƙuƙ, da ceri, da loz, wato itatuwan da 'ya'yansu ke da ƙwallo guda mai tauri a ciki. Masana suna taƙaita sunansu da PNRSV da PDV. Waɗannan har cikin ƙurar fure suke zama. Ƙudan zuma ya tashi daga bishiya mai ciwo ya sauka a kan lafiyayya, sai cutar ta samu hanyar shiga ƙwayar da ke cikin ƙwallo. Ba kowane ƙwallo ne ke ɗauka ba, amma wanda ya ɗauka ba ya nuna komai a ido. Abin da ya fi damuna ke nan, domin irin waɗannan ƙwallaye ake shukawa a mashtal, wato wurin renon dashe, su zama gindin da za a yi wa aure, kamar yadda muke auren mangwaro a gida. In gindi ya kamu, reshen da aka ɗaura masa ma ya kamu.

Sai kuma wadda aka fi jin tsoro, sharka. A Bulgeriya aka fara ganinta, sunan ma daga harshensu ne, ma'anarsa agana. Ga alamarta: zobba-zobba masu haske a jikin ƙwallon mishmish, kamar an zana da alli. Duk wanda ya gani zai rantse cutar tana cikin iri. To amma bincike bai tabbatar da cewa tana wucewa zuwa tsiron ba. Darɓa ce ke ɗaukarta daga ganye zuwa ganye, mu kuma mutane mu kai ta nesa da reshen aure. Da ta ɓulla a jihar Fensilfeniya ta Amurka a 1999, tumɓuke gonaki aka yi ta yi, sai a 2019 aka sanar da an kawar da ita daga Amurka baki ɗaya.

Feshi ba ya warkar da bishiyar da ta kamu. Don haka in maigidanka ya aike ka sayen dashe, ka tambayi mai mashtal daga wace uwa aka yanko reshen, kuma ko an gwada ta a ɗakin bincike.