Amsoshin Tambayoyinku: Wai ɗaga ƙarfe na tsumburar da yaro?

Toh jama'a, saƙon farko daga Maman Abba ne a Unguwar Rogo nan Jos, tace ɗanta ɗan shekara 14 ya fara zuwa ɗaga ƙarfe, kakarsa ta dage wai zai tsumbure, gaskiya ne?

Maman Abba, a gaida Hajiya kaka, amma dai ƙashi ba busasshen icce bane, abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, kuma inda nauyi ke sauka nan jiki yake ƙara gini. Wani likita Bajamushe Julius Wolff ya rubuta wannan tun 1892. Shi yasa ƴan wasan tanis ƙashin hannun da suke bugu da shi yafi ɗayan kauri, su kuma ƴan sama jannati da ba nauyi a kansu ƙashin ƙugunsu ke raguwa kusan kashi 1 cikin 100 duk wata.

Tsawo kuwa ba ƙarfe ke yanke shi ba, homon ne, wato sinadaran da jiki ke fitarwa su sarrafa aikinsa. A bakin dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsi, nan yaro ke miƙewa, in balaga ta zo homon na girma ya ingiza shi yayi ta tsawo, daga baya estirojin, homon ɗin da aka fi sani a jikin mata, ya rufe wajen, eh har maza suna da estirojin ɗin, kar ku yi dariya. Inda Hajiya take da gaskiya shine yaro ya kinkimi abin da yafi ƙarfinsa ba mai kula da shi, zai iya ji ma guringuntsin nan ciwo. Ya fara da mara nauyi, babba na tsaye, ya haɗa da ƙwallo da tsalle.

Kuma fa magini ba ya gini ba bulo. A nan asibitin koyarwa na Jos aka yi binciken da ya fito a 1999, aka ga yaran da ƙafarsu ke lanƙwashewa kalsiyam ne, sinadarin gina ƙashi, suka rasa, ba ma hasken rana da ƙashi ke buƙata ba, rana ai muna da ita. A bashi nono, kindirmo, da ƙananan kifin da ake tauna har ƙaya.

Wata kuma daga Bukur tace tunda al'adarta ta ɗauke ƴaƴanta suka hana ta ko zuwa kasuwa, wai ta huta. Kai yara ku bar Mama ta taka! Estirojin ya riga ya sauka, rushewar ƙashi tafi gini sauri, in aka ƙara da zaman tabarma an haɗa mata biyu kenan. Mama kije kasuwa da ƙafarki in da hali, in kuma kin taɓa karaya a ɗan faɗuwa kaɗan, ki fara ganin likita tukuna.