Fodkas: Faffaɗar taya ce ke sa mota ta kama ƙasa?

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da war haka. Yau ga Oga, ga Hajiya, kuma maganar taya za mu yi. Oga, samari sun matsa: da zarar yaro ya sayi mota mai gudu, sai ya nufi wajen masu rim, wai a sa masa mai faɗi.

Oga: Ai kullum sai sun zo mini gareji. Tambayata ɗaya ce: karanta mini lambar da ke jikin tayarka. Sai ka ga yana sosa ƙeya.

Hajiya: To karanta mana, Oga, mu ma mu ƙaru.

Oga: Mu ɗauki BMW M3 ƙirar E46, wadda aka yi daga 2000 zuwa 2006. Daga kamfani, gabanta 225/45 R18, bayanta 255/40 R18. Lambar farko faɗi ne a milimita. Ta biyu kaurin gefen taya, amma da kaso ake lissafa shi: kashi 45 cikin ɗari na 225, wajen milimita 101 ke nan. Kashi 40 na 255 kuma 102. R18 kuwa girman rim ne, inci 18. Kin gani? Ta baya ta fi faɗi da milimita 30, amma tsayinsu kusan ɗaya.

Mai gabatarwa: Ashe da gangan suka yi.

Oga: Sosai ma. Yanzu a ce ka ɗora 275/40 a baya. Tsayin taya gaba ɗayanta ya tashi daga milimita 661 zuwa 677. Mita tana nuna maka 100, alhali kana kan 102 da ɗoriya. Wannan ma mai sauƙi ne. Na'urar birki ta ABS da mai hana mota zamewa juyin kowace taya suke ƙirgawa, in gaba da baya suka yi nisa da juna sai lissafi ya rikice musu. Shi ya sa ba ma son bambanci ya wuce kashi 3.

Hajiya: Amma Oga, tsakani da Allah, faffaɗar tana da kyau a ido. Kuma ai ta fi riƙe kwalta.

Oga: A busasshiyar kwalta mai laushi, eh, musamman a kwana. Bari damina ta sauka. Faffaɗar taya ruwa mai yawa take turawa a gabanta, in bai samu hanyar fita ba sai ta hau kansa, ki ji sitiyari ya yi sakayau a hannunki. Sannan in baya kaɗai aka faɗaɗa, gaba ne zai fara sakin ƙasa: kina juya sitiyari, mota tana miƙewa abinta.

Mai gabatarwa: Ni abin da ke ɗaure mini kai, wani rim ɗin yana shiga daram, amma da an hau gargada sai ka ji ƙuuu.

Oga: Duba bayan rim ɗin, ƙanena, za ka ga an buga ET da lamba. Ita ke faɗin yadda rim zai zauna, ciki ko waje. Na wannan M3 ɗin gaba ET47, baya ET26. Lamba ta yi ƙasa, taya ta leƙo waje tana cin bakin bodi. Ta yi sama, tana gogar shokazoba. Ramukan noti ma ba ɗaya ba ne: ita 5x120, wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 120, Marsandi 5x112, Camry da Accord na yanzu 5x114.3. Amma sai ka ga wani ya sa an fafe ramin don ya shiga dole.

Hajiya: Subhanallahi! A motar da za a taka?

Oga: Na gani da idona, har noti biyu sun gutsure.

Hajiya: To ramukan titunanmu fa? Ni su ne damuwata.

Oga: Nan ne kuɗi ke zurarewa. Rim ya girma, gefen taya ya sirance, babu abin da zai shanye duka. Rami ɗaya, taya ta yi ƙulu, bakin rim ya lanƙwashe, kullum kina wajen mai faci ana ƙara iska. Ita M3 ɗin akwai mai inci 19 daga kamfani, amma ni a titinmu 18 zan zauna.

Mai gabatarwa: Wanda ya nace fa?

Oga: Ya ƙara wa faɗin taya milimita 10, in ya yi yawa 20, gaba da baya tare, ya rage lambar tsakiya. Bayan an ɗaura, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a zura hannu a ji ko tana taɓa wani abu, a cika kujerar baya da mutane a zaga, sannan a kai ta alaimen.

Hajiya: Mutanen kujerar bayan, wa zai biya su?

Oga: Yaran gareji na nan, lemo kawai za ki saya musu.