Sauron Rana da Kan Jariri: Laccar wata ungozomar asibiti ga matan Tawa

Assalamu alaikum. Iyayena da ƙannena, sannunku da zuwa, na san wasunku sun baro tukunya bisa wuta. Na baya, kuna jina?

Kun ga wannan zaren awo da ke hannuna? Da shi nake auna kan kowane jaririn da na karɓa. Yaron da ya cika wata tara, zagayen kansa yakan kai santimita 33 zuwa 35. In ya gaza haka sosai, gabana yakan faɗi, don kai ba ya girma sai ƙwaƙwalwar da ke ciki ta girma. Yau ina so mu yi magana kan wata cuta da ke hana ƙwaƙwalwar girma tun yaro yana ciki. Sunanta Zika.

Sunan wani daji ne a Yuganda. Can aka fara ganin ƙwayar cutar a jikin biri a 1947, kuma an daɗe da samun ta a jikin mutane a Najeriya, nan kusa da mu. Shekaru da yawa ba wanda ya damu da ita, saboda zazzaɓinta ba ya kayar da mutum. Sai a 2015, a arewa maso gabashin Barazil, wajen birnin Resife, likitoci suka ga ana ta haifar yara masu ƙaramin kai fiye da yadda suka taɓa gani. Da aka tambayi iyayen, da yawa suka ce sun yi ƴan ƙuraje da ɗan zazzaɓi a farkon ciki. Ranar 1 ga Fabrairu 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai. Kada ku ce Barazil ta yi nisa: a Kef Bad da Angola, nan Afirka, ma an haifi irin waɗannan yara.

To, ga abin da ke ba ni tsoro. Cikin mutum biyar da suka kamu, wajen huɗu ba sa jin komai. Wadda ta ji kuwa, ɗan zafin jiki ne, ƙuraje, jan ido, ciwon gaɓoɓi, cikin mako guda ta warke ta koma daka. Amma ƙwayar tana iya ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, ta cinye ƙwayoyin da ake gina ƙwaƙwalwa da su, musamman a wata ukun farko, lokacin da mu nan mace ke ɓoye cikin ko ga uwar mijinta. Ba duk ciki ke taɓuwa ba. A lissafin hukumar, cikin jarirai 100 da uwayensu suka kamu, 5 zuwa 15 ne ke samun matsala. Wani ya zo da ƙaramin kai, goshi a kwance, fatar kai ta nannaɗe. Wani kansa daidai, sai daga baya a ga ba ya gani sosai, ko ba ya ji, ko ƙafafu sun sandare, ko farfaɗiya, ko nono ya riƙa shaƙe shi. Wani cikin ma zubewa yake yi.

Na taɓa karɓar yarinya mai ƙaramin kai. Abubuwa da yawa na kawo haka, har da baƙon dauro na Jamus da tunjere da rashin abinci mai gina jiki. Abin da bai fita raina ba shi ne uwar. Ta juya fuska ga bango, kakar yarinyar na tsaye tana cewa ai ta hana ta fita da almuru, aljanu sun musanya ɗiyar. Iyayena, don girman Allah ku daina wannan magana. Yarinyar nan ɗiyarku ce, uwar ba ta yi laifin komai ba. Irin yaran nan suna buƙatar a duba idonsu da kunnensu da wuri, a riƙa motsa musu gaɓoɓi, a koya wa uwa yadda za ta zaunar da su ta ba su abinci. Ɓoye su a ƙuryar ɗaki shi ke ƙarasa su.

Sauro ne ke kawo Zika, amma ba na masassara ba ne. Wannan baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo, da hantsi da kuma la'asar. Shi ke kawo shawara da zazzaɓin dengi, wanda ya addabi Wagadugu da Bobo na Burkina Faso a 2023. Saboda haka sange da dare kaɗai bai isa ba. Mai ciki in za ta kwanta da azahar, ta shiga sange, ta sa tufa mai rufe hannu da ƙafa.

Kuma wajen yin ƙwai, sauron nan ya fi son ruwa mai tsabta a kan kwata. Randarki, jarkarki, tsohuwar tayar bayan ɗaki, kaskon kaji. Na san ba za a ce wa matar Adar ta daina ajiyar ruwa ba, mun san wahalar samunsa. Amma a rufe da marfi mai kamawa. Kowane mako a juye a goge cikin randar da soso, don ƙwan yana manne wa bango, yana iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe.

Malamai maza da ke gefe, akwai naku. Cutar tana bin saduwar aure. Maigidan da ya dawo daga ƙasar da ake fama da ita, shawarar hukumar ita ce ya yi wata uku yana sa kwaroron roba, in kuma uwargida na da ciki, har ta haihu. Ba rigakafi har yanzu, ba magani. Mai ciki in ta ga ƙuraje da zazzaɓi, kada ta saye magani a tebur, ta zo awo ta faɗa mana, mu rubuta, mu tura ta hoton ciki.

Hajiya, na ga kin ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata abin magana.